Daidai Ɗin da Ya Ci Ɗakin Hajiya Gana

Laminu, ajiye wayar nan ka dube ni. Maimaita abin da ka faɗa ɗazu, ƴan fada su ji da kunnensu. Wai sa karo, tayil ɗin nan na daɓen zamani, ba sana'a ba ce, liƙe-liƙe ne, ka kalla a waya sau uku ka gane kansa, har ka karɓi banɗakin gidan kawunka za ka fara ran Asabar. To, madalla. Zuba min shayin nan tukuna, kar ka cika sukari. Shekara talatin da ɗoriya ina durƙushe a banɗakunan mutanen Damagaram, gwiwoyina sun yi kanta kamar na raƙumi, yau kuma yaron da na ci naman sunansa ne zai ce min liƙe-liƙe. Ni Isufu! Kai, duniya.

Abin da kuke gani yana ƙyalli a waya riga ce kawai. Aikin yana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, kuma ba mai yaba maka a kansa. In ka yi shi da kyau, shiru za ka ji har ka mutu. In ka ɓata shi, shiru za ka ji na wata shida, sannan ka ji sallama a ƙofar gidanka ba ka ko karya ba.

Banɗaki na farko da na sa wa hannu a Sabon Gari yake, gidan wani mai sayar da taya. Lokacin na shekara biyu a hannun maigidana Kwami, mutumin Togo, wanda muke kira Patoro, duk inda yake Allah ya saka masa. Shekara biyun nan bai bar ni na ɗora karo ko ƙwaya ɗaya ba. Tankaɗe yashi, kwaɓa siminti, jiƙa karo a rabin tano, wato duro, don kar ya shanye ruwan kwaɓi, wanke cokalin gini, shi ke nan aikina. Ni kuwa na baro garinmu Dogo ina ganin na san ƙasa, don uwata gwanar daɓe ce, duk ɗakin amaryar da za a daɓe a unguwarmu ita ake kira, da ƙarar madaɓi da warin makuba na tashi. Ran nan Kwami ya ce zai je duba wani aiki a unguwar Zango, in yi masa shimfiɗar simintin da ake ɗora karo a kai, wadda muke ce wa shap. Na zage damtse. Na ɗauko nivo, sandar nan mai ɗan ruwa da kumfa a ciki, na ɗora gabas, kumfa na tsakiya. Na ɗora kudu, kumfa na tsakiya. Na zauna bakin ƙofa ina jiran yabo.

Da ya dawo ko kallon nivo bai yi ba. Butar alwalar maigidan ya ɗauko a gindin bishiyar bedi, ya tsaya a ƙofa ya tuttule ta ƙasa. Ruwa ya bazu, ya kwanta, ya yi zamansa.

Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Isufu, ruwa zai tafi ina?"

Na ce, "Patoro, ai daidai yake. Duba nivo."

Ya ce, "A ɗakin kwana daidai ne. Nan ɗakin ruwa ne. Fasa."

Da hannuna na fasa aikin wuni guda, ina fasawa ina zaginsa a zuci. Amma tun daga ranar buta ba ta bar jakata ba. Ga ta can rataye a babur, ku je ku duba in kuna musu. Akwai cokali a jakar, da gudumar roba, da igiya, da katakon ja, da abin yankan karo wanda haƙorinsa ya kusa ƙarewa, akwai nivo ma. Duk ana iya aro. Buta ce ba na ba kowa.

Ku da kuka iya, ku gaya min abin da ke ƙarƙashin karo. Shiru? To, bari in jera muku. Za ka fasa tsohon daɓe, ka haƙa har ka sami ƙasa mai ƙarfi, ka zuba tsakuwa ka dandaƙe ta har ƙafarka ta daina nutsewa. Sannan ka narka kwalta ka shafe gindin bango zagaye, har gwiwa. Sannan leda mai kauri, ninki biyu, ka naɗo bakinta ya hau bango kamar gefen kwano, kar ka yarda ƙusa ko tsinin dutse ya huda ta. Sannan kankare. Sannan shap, kuma a nan ne sana'a take: kowane taku ɗaya ƙasa ta sauka da kaurin yatsa, ta ko'ina, ta nufi rariya, yadda ƙafa ba za ta ji ba amma ruwa zai ji. Sannan ka toshe rariya da tsumma, ka sayi ruwa wurin ƴan ga-ruwa ka cika ɗakin har idon sawu, ka ja layi da alli, ka tafi. Washegari in ruwa ya sauka daga layi, akwai inda yake sha, sai ka nemo. Bayan duk wannan ne za ka ɗauko karo, ka ɗora, ka bubbuga, kana saurare. Wanda ya zauna yana da murya, wanda ke da kogo a ciki ma yana da tasa. Wannan kuma ba a jinsa a waya.

Duk da haka ba da guduma ake fara aiki ba, da baki ake farawa. Banɗakin da kuke kallo a waya na mutanen da ruwa ke zuwa musu kullum ne. Mutum ya shiga ɗan akwatin gilashi, ya murɗa, ruwa ya zubo masa a ka, ya bi rariyar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, sauran ɗakin a bushe. Shi ya sa suke kare ɗan wurin dush kaɗai, famfon wankan nan na sama. Mu fa? Yaushe rabon da dush ya zubo a gidanku, Laminu? A garin nan famfo baƙo ne, ran da ya ga dama yake zuwa. Kowa ya kafa tano a ƙarƙashinsa ya bar shi buɗe, don kar ruwa ya zo ya wuce ba a sani ba. Wa ya taɓa rufe famfo a Zinder? In ya zo kana kasuwa, tano ya cika, ya tumbatsa, ya yi ta malala har ka dawo. Wanka kuma da bokiti ake yi, a inda mutum ya ga dama, ga alwala a bakin ƙofa, ga wankin ƴan tsummokara. Banɗakinmu gaba ɗayansa wurin dush ne. Saboda haka kafin in taɓa komai sai na tambaya: wa zai yi wanka a nan, tsaye ko zaune, ina za a ajiye tano? Tambayar tana da nauyi a baki, na sani. Amma wannan tambayar ita ce rabin aikin.

Yanzu ku ji abin da ya sa jinina ya hau da na ji kalmar liƙe-liƙe.

Akwai shekarar da siminti ya yi tashin gwauron zabo, gine-gine suka tsaya cak, masu kwangila suka ɓuya. Wata uku ban riƙe cokali ba. Har Dogo na koma na taya ƙanena noman gero, ina tsufa ina sunkuye da hauya. Abokan sana'a da yawa suka koma cika yashi a kwaɓi, buhu ɗaya ya yi aikin biyu, kowa ya sani, har ya zama in an ga magini ana ganin ɓarawo. A cikin wannan hali ne aka aiko min cewa Alhaji Mutari yana nemana a unguwar Birni.

Alhaji Mutari babban ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, a Yamai, ɗan asalin Birni. Uwarsa, Hajiya Gana, ta haura tamanin, tana zaune a tsohon gidansu na ƙasa. In kun ga ɗakinta! Bango kauri kamu biyu, rufin azara, zanen hannu a saman ƙofa wanda kakan Alhaji ya sa aka yi. Ana tsakar zafin bazara ka shiga ka ji kamar ka sa kai a randa. A ɗakin aka kawo ta amarya, a ciki ta haifi ƴaƴanta tara, a ciki mijinta ya cika. Alhaji ya yi ya yi ta koma Yamai ko ya gina mata na bulo, ta ce gawarta ce za ta fita daga nan. To, gwiwa ta gaza, makewayi kuma yana can ƙarshen gida. Sai ya ce a gyara wani ɗan ɗaki da ke manne da nata, wanda aka taɓa yi wa siminti ana wanke-wanke a ciki, a mai da shi banɗaki na zamani. Niyyarsa mai kyau ce, wannan ban taɓa musu ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin nan da gadon Hajiya, kuma bangon na ƙasa ne.

Muna tsaye a ciki ni da shi, na ce, "Ranka ya daɗe, Hajiya tsaye take wanka ko zaune? Kuma ta wane gefe za ta so tano?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Malam Isufu, me ka ce?"

Na maimaita.

Ya ce, "Uwata kake tambayata yadda take wanka? Ashe ba ka da kunya?"

Na ce, "Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba don wasa na tambaya ba, don ruwa ne."

Ya ce, "Na sayo dush, za ta tsaya ƙarƙashinsa kamar kowa. Ka yi abin da aka kira ka yi." Ya kaɗa riga ya fita. Washegari ya koma Yamai, ya ce zai dawo bayan sati biyu da karo.

Ashe Hajiya ta ji mu. Ina fara haƙa sai na ji murya ta bayan labule. "Isufu, ɗana, matso nan."

Na je na durƙusa a bakin ƙofarta na gaishe ta.

Ta ce, "Rabu da Mutari, boko ya cika masa kai. Ni na wuce kunya da kai, na haifi wanda ya girme ka. A kujera ƴar tsugune nake zama, da ƙwarya nake zuba ruwa. Wannan abin mai tsiyayowa daga sama, ba ni ba shi. Tano kuma ka bar min shi jikin bangon ɗakina, in dafa bango in ɗiba. Famfon ma a nan za a sa, in riƙa jin zuwansa daga kan gado."

Na ce, "An gama, Hajiya."

Kullum da hantsi sai ta aiko min da fura a ƙwarya, ta leƙo ta ce, "Ɗana, sannu da aiki." Ni ma na zage mata. Kamu ɗaya na haƙa na tarar da dutse, kun san Birni a kan dutse take zaune. Na ce to, nan ruwa ba shi da hanyar ƙasa, in ya sami kafa gefe zai bi, gefen kuma bangon Hajiya ne. Na shafe bangon da kwalta sau biyu har ƙugu. Na sa leda ninki uku a wannan gefen. Na ɗaga shap a gindin bangonta, na zubo gangaren gaba ɗaya zuwa kusurwar da ke nesa, inda na fitar da rariya waje. Na cika ɗakin da ruwa bido goma sha biyu, manyan jarkokin nan, ya kwana, layin alli bai motsa ba. Na tsaya a inda tano zai zauna na tuttule buta, ruwa ya miƙe sak ya bar bangon a baya. Wallahi a duk rayuwata ban yi ƙasan banɗaki da ya kai wannan ba.

Ran Juma'a Alhaji ya iso da kwalaye a bayan mota. Na buɗe ɗaya. Karo ne manya-manya, kowane ya kai faifai biyu, masu santsi kamar madubi. Na ce, "Alhaji, wannan na falo ne. Babban karo ba ya bin gangare, kuma in ya jiƙe zai kayar da tsohuwa. Ƙanana masu kaushi ake so." Ya shiga ya ga baƙin kwalta a bango ya yatsine fuska. Sai ya fito da sabon nivo daga leda, da shi ya zo tun daga Yamai, ya ɗora a kan shap ɗina. Kumfa ta gudu gefe.

Ya ce, "Wannan ba daidai ba ne."

Na ce, "Daidai ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ga kumfa can a gefe kana ce min daidai?"

Na ce, "Da kumfa ta tsaya tsakiya, da na ɓata aiki. A banɗaki, karkatacce shi ne daidai."

Ya zaro waya ya nuna min hoto: ƙasa shafal kamar tebur, ɗan murabba'i a ƙarƙashin dush. Ya ce haka yake so. Na ce a ba ni minti ɗaya in ɗauko buta. Ya ce shi ba wasan yara ya zo yi ba. Lokacin an taso daga masallaci, ƴan'uwa da maƙwabta sun cika tsakar gida ana jiran abinci. A gabansu ya sa ƙafa ya nuna gefen rariya, inda shap ya fi sirara, ya ɗaga murya ya ce, "Nan kauri, nan ba kauri. Ina sauran simintina ya tafi? An gaya min halinku a bana."

Jama'a! Ni? Ni da na koma noma don kar in cika yashi a kwaɓin mutane? Ni za a kira ɓarawo a gaban mutanen da suka san ubana? Na tattara cokali da guduma da igiya na zuba a jaka, na rataya butata. Sai na bi ta ƙofar Hajiya, don ita ce hanyar fita.

Ta ɗaga labule ta ce, "Isufu, ɗana, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Hajiya. Sai an jima."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Bayan kwana uku aka kawo wani saurayi daga cikin sababbin nan, mai na'urar da ke jan layi da jar wuta a bango. Ba mugu ba ne, abin da aka ce ya yi ya yi. Ya fasa shap ɗina, diga ta yayyage leda, ya kankare kwalta don karon bango ya kama. Ya shimfiɗa ƙasa shafal, ya yi ɗan rami a ƙarƙashin dush kamar na hoto, ya jera manyan karon nan layi bai kauce ba. An ce ya yi kyau, kuma na yarda. Alhaji ya ɗauki hoto ya rarraba wa dangi, har wani ya kawo min a nan fadar yana min dariya. Na ce, "Mu zuba ido." Kuma na zuba ɗin. Na san abin da ke tafe kamar yadda na san sunana, na naɗe hannu ina jiran ranar da za a ce Isufu ya yi gaskiya.

Hajiya ko sau ɗaya ba ta tsaya ƙarƙashin dush ba. Aka kafa mata tano jikin bangonta, aka bar famfo buɗe kamar kowane gida. Duk zuwan ruwa sai tano ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a kan shafaffiyar ƙasa ba shi da inda zai nufa, ya lallaɓa ya sami ɗan tsagin da ke tsakanin ƙasa da bango. Ƙasa dutse, sai ya hau tubali. Daga baya aka ce min bangon ya daɗe yana fitar da farin gishiri ta bayan gadonta, ɗakin yana warin danshi, ita kuma ta ɗauka sanyin damina ne, ta sa aka rataya tabarma a wurin.

Wata bakwai. Ran nan aka yi suna a Zango, aka ɗauki Hajiya a mota, duk gidan suka tafi. Famfo ya yi kwana tara bai zo ba, sai ranar ya zo da hantsi, da ƙarfinsa, ya yi ta zuba har la'asar. Maƙwabta suka ji ƙara kamar an sauke lodin itace. Bango ya zauna, azara ta biyo shi, rufi ya rufta kan gado. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Amma ɗakin ya tafi, da zanen ƙofa, da jeren tasoshin da ta zo da su gidan miji, da gafakar Alƙur'anin marigayi mijinta da aka tono a cikin laka.

Bayan kwana biyu sai ga Alhaji Mutari da kansa a ƙofar gidana, ya cire takalmi, ya ce, "Baba Isufu, na zo ne in ba ka haƙuri." Jiya Malam, yau Baba. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na sa rigar Juma'a, na rataya buta, na bi shi Birni ina tafiya kamar wanda aka naɗa.

Ƙasan banɗakin na nan lafiya lau, yana ƙyalli a rana, ba rufi ba bango ɗaya. Mutane sun taru. Na ce a kawo nivo, aka ɗora, kumfa ta tsaya tsakiya cif. Na ce, "Kun gani? Daidai." Sannan na tuttule buta a inda tano yake. Ruwa ya bazu, ya yi jim, ya lallaɓa ya gangara cikin ɓaraguzan ɗakin Hajiya. Alhaji ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan fara wa'azin da na shirya wata bakwai, sai na ji an kira ni.

"Malam Isufu."

Tana zaune a kan tabarma a ƙarƙashin wata rumfar zana da aka kafa mata, ga ƴan tasoshi lanƙwasassu a gefe, ga gafakar an shanya. Na je na durƙusa, na yi mata jaje.

Ta ce, "Na ga abin da ka nuna musu. Ashe ka san haka za a yi?"

Na ce, "Tun ranar na sani, Hajiya. Na gaya wa Alhaji, bai ji ba."

Ta ce, "Mutari a Yamai yake kwana. Wa ke kwana jikin bangon?"

Na dubi ɓaraguzan ɗakinta.

Ta ce, "Ranar da ka fita da jakarka, na ɗaga labule na tambaye ka. Me ka ce min?"

Na ce, "Na ce lafiya lau."

Ta ce, "Mutari bai sani ba. Yaron da ya sa karon bai sani ba. Kai kaɗai ka sani. Da ka ce min, Hajiya, kar ki bar famfo buɗe, ko ki sa a janye tano daga bangon nan, ai da na ji. Ni na gaya maka abin da ban gaya wa ɗan cikina ba. Kai kuma ka ce min lafiya lau."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya ta ci gaba da goge laka daga wata tasa da gefen zanenta.

Na yi fushi da Alhaji, har gobe in na tuna kalmar nan ta siminti sai raina ya ɓaci. Na yi fushi da masu koyon sana'a a waya, kuma ba zan daina ba. Amma fushin da ya fi ci min rai nawa ne. An zage ni, gaskiya ne. To, tsohuwar ce ta zage ni? Magana ɗaya ce, ba ta kai tsawon sallama ba, na haɗiye ta don ina so a ga ranar da zan yi gaskiya. Na kuwa yi gaskiyar, a kan ɗakinta.

Ni na sake banɗakin, da ƙananan karo masu kaushi, gangare ya bar bango. Alhaji ya gina mata ɗakin bulo da rufin kwano a wurin tsohon. In bazara ta yi, a tsakar gida take wuni, ta ce ciki kamar tanda. Kwana goma sha ɗaya na yi ina aikin, kullum sai an kawo min fura da hantsi, ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Amma ba ta ƙara ce min ɗana ba. Malam Isufu, har na gama.

To, Laminu, shayinka ya huce. Ran Asabar ba za ka taɓa siminti ba. Za ka je gidan kawunka, ka wuce shi a zaure, ka shiga ciki ka durƙusa ka gaida matarsa, ka tambaye ta inda take ajiye tano da wanda ke kwana a bayan bangon. Kunya za ta kama ka, ka tambaya duk da haka. In ka dawo da amsa, ka same ni gida mu tafi tare. Kuma duk ranar da aka kore ka daga aiki, don za a kore ka, kowa ana korarsa, kafin ka fita ka nemi mai kwana jikin bangon ka gaya masa inda ruwa zai nufa. Sannan ka yi fushinka.